Ayar da Aka Rera a Kan Kabarin Bulus

Aikin farko da Iya Lami ta ba ni ba waƙa ba ce, ɗaukar tulu ne. Daga gidanta a Maje har majami'armu a Suleja, a ka, bisa gammo, ina gaba tana bina a baya tana cewa, "Ki fasa shi ki gani." Ina sabuwar amarya a lokacin. Na je wurinta ne don mata sun ce ina da murya, ita kuwa ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata. Da na gaya mata abin da ya kawo ni, sai ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Murya? Akuyata ma tana da murya. Ɗauki tulu."

Ina faɗin wannan ne saboda ku yaran yanzu da kuke cewa tsara waƙar Littafi ba sana'a ba ce, wai kowa ya buɗe baki ya yi. Da kunnena na ji wata yarinya tana cewa aikinmu tafi ne da rangaji. To, ku zauna ku ji.

Tulun waƙa ba tulun ruwa ba ne, ko da yake hannu ɗaya ke gina su. Wurin matan Gwari muke zuwa mu sa a gina mana, da baki a sama da rami a gefe. Kafin ki karɓa sai ki buga shi da tafin hannu ki kasa kunne. In ya amsa daga ciki kamar mutum ya yi gyaran murya a ɗaki, naki ne. In ya yi ƙara sama-sama, akwai tsaga a jikinsa ko da ido bai gani ba, ki bar musu abinsu. Babba shi ne uwa, shi ke riƙe ƙasan waƙa, ƙananan su bi shi. Ba a barinsa a rana, kuma ana toshe bakinsa da tsumma, in ba haka ba zanzaro ya yi gini a ciki, ranar sujada ki buga ki ji kamar kina dukan buhun dusa. Sai caki, wato ƙwarya mai rigar duwatsu, da kuge na ƙarfe mai riƙe mana lokaci. Kayan aikin ke nan. Amma duk waɗannan a bayan aya suke. Aya ita ce aikin.

Ni ban yi boko ba, harafi ɗaya ban sani ba. A kunne na karɓi Littafi Mai Tsarki. Maigidana kafinta ne, shi ke karanta mini har Allah ya ɗauke shi, daga baya Rahila maƙwabciyata, wadda ta yi aikin asibiti ta yi ritaya, ta karɓe shi. Dokar Iya Lami ita ce ba a karanta miki aya ita kaɗai. A fara daga sama da ita, a wuce ƙasa da ita. Ki tambaya wa ke magana, da wa yake yi, kuma me Allah ya ce a kan maganar. Takan ce, "Littafin nan cike yake da bakuna. Akwai bakin Allah, akwai na annabawa, akwai na sarakunan banza, har Shaiɗan ya yi magana a ciki. Ki san bakin wa kika ara."

In an gama wannan, sai ki tafi gida da ayar ki zauna da ita. Na tuna ranar da Iya Lami ta ba ni wurin da aka ce addini na gaske shi ne kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu. Washegari na dawo da kari mai daɗi, mai sauri, ina rawar kafaɗa. Ta bar ni na gama. Ta ce, "Wace gwauruwa kika leƙa?" Ban leƙa ko ɗaya ba. Ta haɗa ni da wata tsohuwa a bayan kasuwa wadda ƙafa ta hana ta fita, ta ce ruwan gidanta a wuyana yake har damina ta sauka. Rijiyar tana gangare, gidan yana tudu. Tsohuwar kuma ba mai godiya ba ce, kullum ruwan bai cika ba ko ya yi laka. Da damina ta zo na koma wa Iya Lami da waƙar, ni da kaina na zubar da karin farko, don wadda ta hau tudun nan da bokiti ba za ta rera ayar nan da gudu ba. A nan na fara gane cewa Allah ba tafinmu yake jira ba. Ayar da ba ta sa ki yin wani abu ba, ba ta kuma hana ki wani abu ba, ba ta nuna ba tukuna, kada ki kai ta gaban jama'a.

Masu kiranmu iri-iri ne. Bikin aure, suna, godiyar kaka, jana'iza. Ladan aiki turmin atamfa ne, ko doya, ko kuɗin mota, wani lokaci "Allah ya saka" kawai. Wani ɗan kasuwa ya taɓa aiko mini a sa sunansa cikin waƙar godiya saboda ya saya wa majami'a kwanon rufi, na ce a gaya masa ni ba maroƙiya ba ce. Wata uwar ango ta zo har gida da kaza, wai in tsara wurin da aka ce mata su yi biyayya ga mazansu, in kuma ɗaga murya sosai amarya ta ji. Na ce, "To, Yaya, zan yi. Amma a ƙasa da shi an ce miji ya ƙaunaci matarsa har ya ba da ransa dominta. Tare suke tafiya, kuma wannan ma zan ɗaga murya ɗanki ya ji." Ta ɗauki kazarta ta tafi.

Muguwar shekararmu ita ce shekarar da aka sayi kibod. Masu aiki a Abuja sun cika unguwa, majami'a ta cika, aka kawo kibod da sifiku da janareta. Ban ƙi ba, kayan kiɗa ba su da laifi. Amma sai aka kwashe tulunanmu aka jibge a sito tare da karyayyun bencina. Wata Lahadi na zo na tarar da uwar tulun da Iya Lami ta bar mini a bakin ƙofa, an cika ta da ƙasa an shuka fure. Wanda aka ba shugabancin mawaƙa wani saurayi ne, Ishaku, yana aikin banki a Abuja. Yaro ne mai ladabi, yakan rusuna ya gaishe ni, sannan ya ce, "Mama, kun yi naku, ku huta. Yanzu komai yana waya. In ina son aya a kan ta'aziyya, sai in rubuta kalmar, su fito reras." Na ce, "Su fito da masu faɗinsu?" Ya yi dariya ya ce, "Mama, ai duk Littafi ne." A yamma ɗaya suke gama waƙa. Shekarar nan ba wanda ya kira ni ko suna. Na koma tuyar ƙosai a bakin layi.

A cikin shekarar ne tirela ta buge Bulus. Ɗan Hannatu ne, shi kaɗai gare ta. Hannatu 'yar zumuntarmu ce, tana sayar da tuwo a rumfa a bakin titin Gauraka, Bulus kuma yana koyon kanikanci a garejin da ke tsallaken titin. Yana tsallakowa ne ya ci abincin rana. Tana ganinsa.

Ishaku da yaransa aka ba waƙar jana'iza. Ni ina cikin jama'a kamar kowa. Da aka sauke akwatin, sai suka tayar da sabuwar waƙa, kari mai taushi, muryoyi sun haɗu, ba zan yi musu ƙarya ba. Amma kalmomin cewa suke: ku tuna, wane marar laifi ne ya taɓa hallaka, ina aka taɓa datse mai gaskiya? Suna maimaitawa, mata na share hawaye suna cewa amin. Su a nufinsu, Bulus yana wurin Ubangiji, bai hallaka ba. Ni kuwa fuskar Hannatu nake kallo. Tana kuka, sai kukan ya tsaya cak. Ta ɗaga kai ta dubi mawaƙan, ta dubi ramin. Ban ji daɗin tsayawar kukan nan ba.

Daga ranar ba ta sake taka majami'a ba. Mata suka je ta'aziyya, ta karɓe su da ruwa, ba ta buɗe baki a addu'a ba. Aka ce baƙin ciki ne, zai wuce. Wadda ta gaya mini gaskiyar abin Hajiya Balaraba ce, mai fura a rumfar da ke jikin ta Hannatu. Ta hau Keke mai ƙafa uku ta zo har inda nake tuya, ta ce, "Maman zumunta, ku je ku ɗauki 'yar'uwarku. Matar nan bin kanikawa take ɗaya bayan ɗaya tana tambaya ko Bulus ya taɓa satar sifana, ko yana shaye-shaye, ko ya ɓata 'yar wani. Har ogansa ta durƙusa wa wai ya faɗa mata gaskiya. Yaron da ko canjin fura aka yi masa kuskure sai ya dawo da shi! Wai a cocinku aka ce marar laifi ba ya mutuwa haka. Ni dai ban san karatunku ba, amma wannan magana ba ta yi kama da ta Allah ba."

Na sauke kaskon, na wuce gidan Rahila. Ni ma ban san bakin wa aka ara ba, ban taɓa tsara komai daga wurin ba. Na rera mata abin da na riƙe, ta sa tabarau ta yi ta bincike har ta samo shi a littafin Ayuba. Na ce ta fara daga farko. Ashe ba Allah ne ya faɗa ba, ba kuma Ayuba ba. Ɗaya daga cikin abokansa ne da suka zo masa ta'aziyya bayan 'ya'yansa sun mutu, yana gaya masa a fakaice cewa laifinsa ne ya jawo. Na ce ta ci gaba. Muka yi ta zama, yau kaɗan gobe kaɗan, har ƙarshe. A ƙarshen, Allah ya juya ga wannan abokin ya ce ya yi fushi da shi, don bai faɗi gaskiya a kansa ba kamar yadda Ayuba ya yi. Maganar da Allah da kansa ya ƙi, ita aka sa wa kari mai daɗi aka rera wa uwa a bakin kabarin ɗanta. 

Na tare Ishaku bayan sujada, mu biyu, ba a gaban mutane ba. Ya buɗe wayarsa ya karanta, ya ce, "Kai. Sori, Mama. Amma ai niyyarmu mai kyau ce. Bari in tura mata saƙo." Na ce, "Ka tura wa wa? Matar da ke tonon laifin gawar ɗanta za ka aika wa saƙo? Riƙe wayarka."

Ban je wa Hannatu da aya ba. Abu ɗaya da abokan Ayuba suka yi daidai shi ne da farko sun zauna kwana da kwanaki ba su ce uffan ba, bakinsu ne ya ɓata aikin. Sai na bar tuyata, kullum da safe in hau mota zuwa Gauraka, in zauna a rumfarta ina wanke kwanuka. Ta ce, "Mama Tabita, in wa'azi kika kawo, ki koma da shi." Na ce, "Soso na kawo, Maman Bulus." Ta kalle ni, don tun rasuwar Bulus kowa ya daina kiranta da sunan, kamar ba ta taɓa haihuwa ba. Ina wanki ina lura. Kullum da azahar sai ta zuba tuwo a wani kwano mai murfi ta ajiye gefe, ta yi ta kallon tsallaken titi, in yamma ta yi ta ba wani mabaraci. Wani lokaci ta yi magana ita kaɗai. "Na dafa, wa zai ci?" "Da ka ɗauke ni ka bar shi, me zai ragu a wurinka?" In ta ankara ta faɗa, sai ta kama bakinta ta ce Allah ya gafarta mata. Ni dai ina kwashe maganganun nan ina ajiyewa a kaina.

Sai da ta fara ba ni abinci ba tare da na tambaya ba, sannan na zo da Rahila. Na ce, "Maman Bulus, maganar da aka rera ranar nan, zo ki ji mai ita." Rahila ta karanta mata daga sama, ta tsallaka ta karanta ƙarshen. Hannatu tana riƙe da muciya. Ta ce, "Sake." Aka sake. Ta ce, "Wato wanda ya yi ta kuka yana tambayar Allah dalili, shi aka ce ya faɗi daidai? Wanda ya kare Allah kuma aka yi fushi da shi?" Rahila ta ce haka yake a rubuce. Ta ce, "An gaya masa dalilin?" Na ce, "A'a. Ba a gaya masa ba. Amma Allah ya zo da kansa ya amsa masa, kuma bai ce 'ya'yansa sun mutu don laifin kowa ba." Ta ajiye muciyar a hankali. Sannan ta buɗe baki ta yi kukan da aka katse mata a maƙabarta, har direbobin da ke cin tuwo suka tashi tsaye. Hajiya Balaraba ta shigo ta kore su waje ta sauke labulen rumfar.

Waƙar da na tsara, rabinta daga bakin Ayuba, rabinta daga bakin Hannatu. Mai bayarwa ta ce:

Na dafa na rufe, Ubangiji, wa zai ci?
Ka san hanyar da ya bi, ni ban sani ba.

'Yan amshi su ce:

Tambayarka nake yi, ban bar ƙofarka ba.

Karin a hankali yake, uwar tulu ce kawai a ƙasa, ba caki. Na je na juye ƙasar furen nan a gaban mai gadi, na wanke tuluna na kai gida, ban nemi izinin kowa ba.

Na kai waƙar wurin matar fasto, don ita ce shugabar zumunta, na roƙa a ba mu wuri ranar Lahadi. Ta saurara ta ce, "Mama Tabita, waƙar tana da taɓa zuciya, amma ba a yi wa Allah tambaya a gaban jama'a. Masu rauni za su yi tuntuɓe. A sa wani abu na nasara a ƙarshe mana." Na ce, "Mama, Zabura cike take da tambaya. Ubangijinmu a kan gicciye tambaya ya yi. Waƙar da ta sa mace tuntuɓe an rera ta da sifika ba wanda ya hana, sai wannan?" Ta ce za a kai wa dattawa. Dattawa suka ce a dakata. Har yau dakatawar ake yi.

Saboda haka a Gauraka muka rera ta. Na tara matan da suka yarda, muka ɗora tuluna a Keke, muka zauna a rumfar tuwo da rana tsaka, tireloli na wucewa suna girgiza ƙasa. Na ba da baitin farko, mata suka amsa. A na biyu Hannatu ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta ce, "Ba haka na ce ba. Ba 'hanyar da ya bi' ba. Cewa na yi, kana kallo ya tsallaka." Na ce, "Wannan ya yi nauyi, Maman Bulus." Ta ce, "Shi ai ya san nauyinsa." Ta karɓi bayarwar da kanta, da muryarta ta mai kiran masu cin tuwo, ta gyara abin da za ta gyara, ta ƙara abin da ban taɓa ji ba. Ogan Bulus ya tsallako daga gareji da baƙin mai a hannunsa ya tsaya a bakin rumfa. Ba ta tambaye shi komai ba, kuma daga ranar ba ta sake tambayar kowa laifin ɗanta ba.

Lahadin da ta biyo, ina zaune a bencin mata sai ga ta ta shigo, ba ta yi kwalliya ba, ta wuce kowa ta zauna a gaba daf da bagade. Kibod na ta yi, ba ta tafa ba, ba ta yi rawa ba. Da aka tashi matar fasto ta rungume ta ta ce, "Mun gode wa Allah, ya ba ki nasara, kin huce." Hannatu ta zare jikinta a hankali ta ce, "Ban huce ba, Mama. Fushi nake da shi har yanzu. Amma na gane ba shi ya zagi ɗana ba. Gara in zo in yi fushin a gidansa, inda za mu yi ta ni da shi."

Matar fasto ta juyo ta dube ni, wai ko zan gyara mata magana. Ban ga abin gyarawa ba.